Tanka a Tafin Hannu

Bayan isha'i, in na ja ƙofar shago,
na kulle agogunan mutane a akwati,
sai in jawo nawa aikin,
wanda ba mai jira, ba mai biya.

Gwangwanin kifi biyu, na kifa ɗaya bisa ɗaya,
gangar jiki ke nan.
Murafen kwalba goma sha biyu, ƙafafu.
Sarƙar keken Sidiƙu da ta tsinke a hanyar Maltam
na wanke ta da kananzir, na raba biyu,
na zagaye ƙafafun da ita.
Bakin bindiga kuwa eriya ce,
ta rediyon da ya mutu yana tsaka da labarai.

Hajjo ta leƙo, hannunta duk gari:
"Tsofai-tsofai da kai, wasan yara?"
Na ce yaro ba ya awo,
ni kuwa kowane kamu talatin da biyar
na matse shi ya koma kamu ɗaya.
Ta ce, "To a matse kuɗin gam haka nan."

Sabuwar tanka ƙarya ce.
Na kankare tsatsar ƙusa, na kwaɓa da guntun shayi,
na shafa a ƙugunta da gashin kaza
har ta tsufa a dare ɗaya.

Mako uku, tanka ta tashi.
Ƙasar da za ta taka
ita ta ci mini wata biyar.

Katakon teburin mai shayi na samo,
na ɗebo laka a gaɓar Logon, na shimfiɗa.
Ta bushe, ta tsage,
tsagar da in a ma'aunina ne
sai ta haɗiye jaki da kayansa.
Na farfasa, na sake.
Na tankaɗe rairayi da rariyar Hajjo, ba ta sani ba.
Saiwar ciyawa na tumɓuke, na juya ta sama,
sai ga bagaruwa tsaye, har da inuwa.
Tun laka na da ɗanshi na gara sarƙa a kanta,
sawu biyu suka fito, jere, kamar haƙoran zarto.
A nan hannuna ya tsaya.

Na san wannan sawun.
Shekarata tara, a can tsallaken ruwa,
ta karyo kwanar layinmu da hantsi.
Ban ga samanta ba, ta fi katangarmu tsawo.
Ƙafafunta na gani,
ƙugin kuma a haƙorana na ji shi, ba a kunne ba.
Inna ta fizge ni.
Kwalekwale ya sauke mu a Kusiri
ina da takalmi ƙafa ɗaya.

Don haka na yanki robar silifa,
na sassaƙa da reza, kwana huɗu,
har ta koma kamar ƙwayar shinkafa.
Da hantsakin gyaran agogo na ɗauke ta,
na riƙe numfashi,
na ajiye tsakanin sawu da sawu.

Tasalla jikata ta ɗora haɓa a gefen katako.
"Kaka, ina mutanen garin?"
Na ce sun tsallaka ruwa.
"Wa ya bar takalminsa?"
Na ce wani yaro ne, gaggawa yake.
Ta yi shiru, ta sa ɗan yatsa
ta tura bakin bindigar ya kalli bango.
Ban mayar ba.

Jiya da safe na tarar da zanzaro
yana ɗauko laka ƙwaya-ƙwaya daga bakin randa,
yana gini a ramin direba.
Na ɗaga tankar don in share ƙarƙashinta,
da hannu ɗaya, na hagu ma,
sai na ji motsinsa a ciki.
Na mayar da ita kan sawunta a hankali,
na je na buɗe shago.